Shukar da ta ba mutanen Zermu dariya

Shekarun baya, bakwai ne ko takwas, ba zan rantse ba, wani abokina ya shirya fim. Tun yanzu ina neman afuwa, don abin ya daɗe, kuma na lura ƙwaƙwalwata tana da halin gyara mini labari ta yadda zan fito da ɗan mutunci. Abin da ya tuno mini da shi shi ne gardamar da na ga kuna yi kwanan nan a kan finafinan bana, wasu na cewa ɓata lokaci ne kallonsu, wasu na cewa masu sukar ne ba su da tausayi. Ban sa baki ba. Amma ina da wani labari da ya ɗan shafi zancen.

Lokacin na gama jami'a ke nan, ina zaune a gidanmu cikin unguwar Birni a Damagaram, diplom, takardar shaidar gama karatu, na cikin akwati, ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Shi kuwa abokin nawa tun muna lise, wato babbar sakandare, ba shi da zance sai na kamara. Shekara biyu ya yi yana haɗa fim ɗin nan. Labarin wani saurayi ne da ya bar ƙauye ya tafi nema, mahaifinsa ya rasu ba ya nan, ya dawo ya tarar da gona ba mai shuka ta. A Zermu aka ɗauki yawancinsa, a gonar kawuna, yayan mahaifiyata, don ni na haɗa su. 'Yan wasan kuwa duk 'yan gari ne irinmu, jikokin fatake da dukawa da maƙera, waɗanda sanin da suka yi wa hatsi bai wuce na cikin kwano ba.

Da ya gama haɗa hotunan sai ya kawo mini ya ce, "Kai ne mai karatu a cikinmu. Ka kalla ka gaya mini gaskiya, kada ka rage komai. Sati biyu ya rage mu nuna shi a Zermu, don mu gode musu. Daga nan sai Damagaram, gaban manya."

Na kalla har sau uku. Gaskiya bai kai yadda na zata ba. Waƙoƙin sun yi tsawo, sauti na ɓacewa duk sanda iska ta taso, uban kuma ya daɗe yana mutuwa. Amma akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe da ya taɓa ni. Saurayin ya fito gona shi kaɗai da ƙwaryar iri, yana kuka, yana ɗiba da hannu yana watsawa dama da hagu, rana na faɗuwa a bayansa. Ni a ganina nan ne zuciyar fim ɗin.

Ina kallo na uku a tsakar gida mahaifiyata ta zo wucewa, ta tsaya a bayana.

"Me wannan yake yi?"

"Shuka yake yi, Inna. Babansa ne ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. To shi kuma wa ya ce masa haka ake shuka hatsi?"

Ta ajiye faifan da ke hannunta ta gwada mini a nan tsakar gida. Ta ce mutum ɗaya ne ke gaba da sungumi yana sara rami, na baya ya tsinci iri da yatsu uku ya jefa, ya rufe da diddige, ya taka gaba, duk a tafiya ɗaya. Ta yi taku biyar ko shida tana yi, ba ta ko duba ƙasa ba. Ta ce, "Shekara talatin da barina ƙauye, ƙafata ba ta manta ba. Ina yayana yake aka yi wannan a gonarsa?" Na ce ranar ya tafi jana'iza Tirmini. Ta ce, "Shi ya sa. To ka gaya wa ɗan'uwanka tun da wuri. In mutanenmu suka ga wannan, dariya sai ta kayar da wasu."

Na ce to. Kuma na gaya masa, ta irin hanyata.

Na zauna na rubuta masa shafi huɗu da Faransanci. Shafin farko duk yabo ne, kuma ba ƙarya na yi ba, na dai zaɓi abin da zan faɗa. Zancen shukar na sa shi a shafi na uku, tsakanin maganar sauti da wani kuskuren rubutu a jerin sunaye. In ban manta ba, cewa na yi mai yiwuwa, a wajen wasu masu kallo, musamman na karkara, yanayin shukar ya iya jawo 'yar tambaya, ko da yake ta fuskar fasaha yana da tasa ma'anar. Na karanta jimlar nan sau da yawa, na ji daɗinta ƙwarai. Na ga ban yi ƙarya ba, ban kuma ji wa kowa ciwo ba.

Da yamma ya kira ni. "Na ga takardarka, mutumina. Dama na san kai kaɗai za ka gane inda na dosa."

Na ce, "Ka kai shafi na uku?"

"Na leƙa duka."

Na ce, "To madalla." Na kashe waya na gaya wa kaina na fita haƙƙinsa.

Yanzu in na duba, ina jin abu biyu ne suka riƙe mini baki. Na farko, na san wahalar da ya sha, ban so in zama wanda zai fara ce masa akwai matsala ba. Na biyu, wanda ya fi ba ni kunya, ni ma wurin nan ya burge ni har sau biyu. In na faɗa masa kai tsaye, dole in ce ba ni na gano ba, Inna ce, wadda ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba.

Ranar nunin, bayan la'asar aka taru a wani babban aji na lakwal ɗin garin. An toshe tagogi da tabarmi, injin wuta na ruri a waje. Maza a gaba kan bencina, mata da yara a baya. Mutanen Zermu sun yi mana kara sosai. Sun jure waƙoƙin. Duk sanda aka nuna rijiyarsu ko jakin wani sai a ɗauki sowa ana kiran sunan mai shi. Da uban ya rasu na ji mata suna salati a baya, wata har da sheshsheƙa. Abokina yana tsaye kusa da ni jikin bango, ya matse mini hannu.

Sai saurayin ya fito da ƙwaryarsa.

Ya ɗibo ya watsa dama, ya ɗibo ya watsa hagu. Can daga baya sai wata tsohuwa ta yi irin kiran nan da ake wa kaji in za a ba su tsaba, ta ƙara da cewa, "Yaro, ƙara kira, ba su ji ba!"

Shi ke nan. Ban taɓa ganin dariya irin ta ranar ba. Wani ya ce, "Gara da uban ya riga mu gidan gaskiya, bai ga wannan ba." Wani ya ce, "Ku bar shi, tsuntsaye yake wa sadaka, Allah ya kai ladan kabarin." A jikin bangon da ake haska fim ɗin saurayin na ta kuka, a kan bencina dattawa na share hawaye da bakin rawani. Sai wani ya gane gawon da ke tsakiyar gonar, ya juya wajen kawuna ya ce, "Af, Malam, ashe a gonarka haka ake yi? To yanzu muka gane zancen rumbunka." Kawu bai yi dariya ba. Abokina kuwa ya sake mini hannu tuni.

Da aka watse kawu ya same mu muna naɗe wayoyi. Ya ce wa abokina, "Ɗana, kun yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Sai dai da ka tambaya." Sannan ya juyo gare ni. "Kai kuma, uwarka ba ta ga abin nan ba kafin ku kawo shi?"

Ni mutum ne da zan iya kewaye magana har gobe, amma in aka tambaye ni kai tsaye ba na iya ƙarya. Na ce, "Ta gani, Kawu."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce."

Kawu ya dube ni, ya dubi abokina, ya ce Allah ya kai mu gida lafiya.

A kan babur ɗin abokina muka zo, a kansa za mu koma. Mun ɗan yi nisa da gari sai ya tsaya a gefen hanya ya kashe inji.

"Ka sani?"

"Na rubuta maka. Shafi na uku."

Takardar na cikin jakarsa. Ya zaro ta, ya nemo wurin, ya karanta da ƙarfi yana mayar da ita Hausa kalma-kalma. "Mai yiwuwa. A wajen wasu. 'Yar tambaya." Ya ɗago kai. "Wannan da muka baro ita ce 'yar tambayar? Aji guda na birgima a ƙasa?"

Na ce ban so in karya masa gwiwa ba ne.

Ya ce, "Sai ka bar gari guda ya karya ta. Da cewa ka yi, wane, shukar nan shirme ce, da na zage ka, mu kwana biyu ba ma magana, in je in gyara. Malam, ba don ka iya Faransanci na ba ka ba. Don kai abokina ne."

Ban tuna abin da na amsa ba. Ya sauke ni a ƙofar gida ba sallama. Ya ɗage nunin Damagaram, kuma muka yi wajen wata biyu ko a hanya muka haɗu sai dai ɗaga hannu. Na rubuta masa saƙo ya fi sau goma, ina gogewa, don kowanne in na karanta sai in ga ya yi kama da shafi na uku.

Wata safiya, farkon damina, na ji babur a ƙofar gida. Na fito, sai ga abokina, ya ce, "Inna na ciki?" Ya wuce ni ya shiga, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ya ji an yi ruwan shuka a Zermu jiya, yana so ya sake ɗaukar wurin nan, ko za ta sa baki kawu ya yarda. Ta ce, "Yayana ba ya riƙo. Ku je kawai, amma ku yi sauri, ƙasa ba ta jiran mai kamara." Da zai fita ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗauko takalminka."

Matsalar ita ce ɗan wasan ya tafi Agadas neman aiki. Abokina ya ce ba komai, fuskar da kukan yana da su, hannu da ƙafa kawai zai ɗauka. Ya ce ni zan yi, tunda ni na jawo. Na sa wandon ɗan wasan, maƙwabcin kawu ya shiga gaba da sungumi, na bi shi da ƙwarya. A rami na farko na tsaya na tambayi kawu ƙwaya nawa ake sawa.

Ya ce, "Ƙirgawa za ka yi? To sai mu haɗu da kaka."

Na yi layi ɗaya, rabin ramukan na tsallake, rabin na danne su kamar ina kashe kunama. Kawu ya ce, "Wannan ƙafa ta biro ce, ta masu zaman ofis. Tuɓe wandon." Kawu da kansa ya sa shi. Shi ya sa har yau, duk wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai yana shuka da diddigen dattijo mai faso. Ban ji wanda ya taɓa yin ƙorafi a kai ba.

A hanyar komawa, daidai wajen da ya taɓa tsayawa ko kusa da nan, ya ɗaga murya saboda iska ya ce, "Na gaba ma kai zan fara ba. Amma shafi ɗaya, da Hausa, mugun labari a layin farko."

Na ce, "Zan gwada."

Ya ce, "Ka ji ka ko? Zan gwada!"

An nuna fim ɗin a Damagaram bayan kaka. Bai karɓu sosai ba, kada in yi muku ƙarya. Wani mai sharhi a rediyo ya ce waƙoƙin sun yi tsawo, sautin ba shi da kyau, kuma wurin shukar ne kaɗai ya yi kama da aikin wanda ya san abin da yake yi. Abokina ya yi sati yana fushi da mutumin, daga baya ya fara rubuta fim na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Ba ina cewa duk mai kaushin baki gaskiya gare shi ba. Cikin sharhin da nake karantawa kwanan nan akwai wanda ba gyara yake nufi ba, neman a ce ya iya zagi yake yi, kuma wannan wani ciwo ne daban. Abin da na sani kawai game da kaina ne. Na daɗe ina ɗauka lallaɓawar da na yi tausayin abokina ne, sai daga baya na gane kaina na tausaya wa. Na so a ce na faɗa, ban so in kasance a wurin sanda maganar za ta yi zafi ba. Halin bai bar ni duka ba. Har yanzu in aka ba ni aiki in duba, sai na rubuta, sannan in koma in nemo inda na ɓoye ainihin maganar in dawo da ita sama.

In akwai wanda yake cikin ajin nan ranar, ko ya ji labarin daga bakin wanda yake ciki, don Allah ya gyara mini inda na kauce. Abokina ya ce wata uku muka yi ba ma magana, ni biyu nake tunawa. Ya kuma ce har yau ban taɓa buɗe baki na ba shi haƙuri ba. Ni ina jin kamar na ba shi a bakin hanyar nan, amma ba ni da shaida. In shi ne da gaskiya, to mutumina, na yi maka laifi, ka yi haƙuri.