Yadda Na Kashe Itacen Maƙwabciyata Da Ruwa

Abubuwa da yawa sun fice mini a rai cikin zamana na Ingila, amma itacen maƙwabciyata ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ni na kashe shi, da bokitin ruwa da taurin kai.

A Small Heath muke zaune, cikin Birmingham, katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita. Mutuniyar Jos ce, mijinta ya rasu, tana aiki a gidan da council, wato ƙaramar hukuma, ke tara tsofaffi da rana. A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe gidan. Mace ta ƙarar da ƙuruciyarta tana wanke iyayen mutane, aka sallame ta da takarda guda. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Da ƙyar ta sami wani aiki a Manchester, ta ce za ta zauna wurin ƙanwarta a Moss Side kafin ta kama ɗaki.

Ranar tafiya ta miƙo mini makullin lambunta, ta nuna mini wani itace a cikin babbar tukunya. Junifa ake ce masa. Ganyensa sirara ne kamar allura, in ka murza yana ƙamshi, rassansa kuma duk sun zubo ƙasa kamar gashin da aka tsefe. Mijinta ne ya dasa shi cikin ƙasa mai tsakuwa, shekarar da ya fara ciwo.

Ta ce, "Baba, leƙa shi kawai za ka riƙa yi, kada iska ta kayar da tukunyar. Don Allah kar ka ba shi ruwa. Itacen kan dutse ne, ba ya son jiƙa."

Na ce to, amma a zuciyata dariya nake yi. Ni da na tashi cikin noman rani a bakin kogi, ita ce za ta koya mini shuka? A garinmu in ganye ya sunkuya, ƙishi yake ji.

Na fara zuba masa bokiti safe da yamma. Da na ga ruwan yana fita ta ƙasan tukunyar, na sa faranti na tare shi. Da bai miƙe ba, na kafa sanda na ɗaure rassan sama da igiya. Matata ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, ai ba haka ta ce ba." Na ce mata ta koma kan tukunyarta, kowa da fanninsa. Ban san sunkuyawar nan halittarsa ce ba. Lafiyarsa ƙalau, ni ne na ɗora masa cuta.

Ganye ya soma ja. A lokacin ta bugo waya tana tambayarsa, na buɗe bakin nan nawa na ce, "Yana nan garau, 'yata." Dattijo da furfura, kunyar in ce na yi kuskure ta sa ni ƙarya.

Bayan wata uku ta zo da mota kwasar kaya. Ta tsaya a gaban tukunyar, ta kama gindin itacen ta ja kaɗan, sai ya tuge gaba ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, tana wari. Maimakon in yi shiru, na ce, "Kin san ruwan ƙasar nan ba ya ɗaukewa. Kuma da council ba su kore ki ba…"

Ta dube ni ta ce, "Baba, council ce ta ɗaure shi da igiya?"

Na rasa inda zan sa fuskata.

Sati biyu ban sami sukuni ba, na hau mota har Manchester na je na faɗa mata gaskiya duka. Ta kawo mini abinci, ta bar ni na gama magana, sannan ta ce, "Na yafe, Baba. Amma ranar da na kira, da ka gaya mini, cewa zan yi ka cire farantin ka bar shi ya bushe. Da ya rayu."

Abin da na koya ke nan, a makare. In aka ba ka amana, yi yadda mai ita ya ce, ko kana ganin ka fi shi sani. In kuma ka ɓata, faɗa tun ana iya gyarawa.