Dakta Falalu da Tsagar Dutsen Limawa

Safiyar Talata, ashirin ga Muharram, na hau dutsen bayan Limawa kamar kullum, sai na tarar simintin da ka shafa a bakin tsagar ya rabe biyu, har yatsana yana shiga. Na sauko da gudu in gaya maka. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe da asuba ka cika, Dakta Falalu.

Ni fasa dutse ne sana'ata, karatuna bai wuce firamare ba. Ranar da ka same mu muna hura wuta a gindin dutse don ya tsage, ba ka yi mana faɗa ba. Zama ka yi, ka ci gyaɗarmu, ka nuna mana hotunan wata ƙasa can ƙarshen arewa, inda ka yi shekaru kana auna zafin cikin duwatsu. Ka ce ƙanƙara ce ke riƙe da su ta ciki, yanzu duniya ta ɗumama tana narkewa, sai bango guda ya zube.

Abokin aikina Maharazu ya ce, "Dakta, mu da ko a firji ƙanƙara ba ta zama?"

Ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Nan wutarku da ruwan damina ke yin aikin. Amma kafin ya faɗo yakan nuna alama, in akwai mai dubawa."

Muka daina hura wuta a wurin. Ka shafa siminti a bakin wata tsaga da ke jikin dutsen, ka ce in ya rabe dutsen ya fara motsi ke nan, ni kuma ka ɗora mini dubawar.

Bayan jana'izarka na faɗa wa Mai unguwa Idirisu abin da na gani, ya sa gidajen da ke ƙarƙashin dutsen su tashi. Inna Dada ta ƙi, ta ce nan aka kawo ta tana amarya. Da ta ji cewa alamarka ce, sai ta ɗaure kayanta. Ran Juma'a aka sheƙa ruwa, dutsen ya gangaro ya danne ɗakinta. Ko akuya ba a rasa ba.

Yanzu har samarin unguwar Takur sun zo na koya musu shafa simintin.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wannan aiki ya riƙa binka. Ya ba matarka Hajiya Hamida da yara haƙuri. Abin da na faɗa ba ni kaɗai na gani ba. Mai unguwa yana tsaye, Maharazu yana gefena, ga kuma Inna Dada da ranta, a tambaye ta.