Ranar da Muka Bar Yaya Talatu a Tsaye

Da damunar bana Yaya Talatu ta cika shekara ashirin da huɗu a ƙasa. Na yi rabin rayuwata ina koya wa yaran firamare rubutu, amma ban taɓa iya rubuta layi ɗaya a kanta ba sai yau. Dalilin kuwa shi ne, ba zan iya ba da labarinta ba sai na ba da nawa, ni kuma nawa ba mai daɗin faɗa ba ne.

Ina amarya aka kawo ni Dutse daga Ringim, ba a daɗe da mayar da garin babban birnin jiha ba. Maigidana kofur ne a soja. A lokacin gidan haya ma wuya yake, ma'aikatan gwamnati da yawa sammako suke yi daga wasu garuruwa su koma da yamma. Sojojin da aka turo ba su da yawan da za a gina musu bariki, sai aka zuba su da iyalansu a wani tsohon sito na ajiye gyaɗa, can bayan Takur, a gindin duwatsu. Aka ce na wata uku ne kafin a gama gini. Mutanen gari suka sa wa wurin suna Sito, mu ma muka bi.

An rarraba cikin siton da katako da buhunhuna, kowane iyali ɗaki ɗaya, kuma katangar ba ta kai rufi ba. Tarin maƙwabci, kukan jaririnsa, faɗansa da matarsa, duk a kunnenki. Da bazara kwano ya ɗau zafi har yara su yi ta ƙuraje, da damuna kuma mu jera kwanuka da robobi a kan gado. Masai guda ne mai ƙofa biyu, na kowa da kowa. Ruwa tanka ce take kawowa, in ta ga dama.

Yaya Talatu matar Saje Audu ce, kuma ita ce magajiya, wato shugabar matan sansani, wadda ke tsakanin mu da manya. 'Yar wajen Kontagora ce, doguwa, mai kaurin murya. 'Ya'yanta uku, kowanne da garin da aka haife shi. Ranar da na iso ta same ni zaune a kan akwati ina share hawaye, ta tsaya a bakin labule ta dube ni.

"Amarya, an ce miki wata uku ko?"

Na ce, "E, Yaya."

Ta ce, "Ni ma haka aka ce min a wurare huɗu. Tashi ki kwance kayanki, ki kafa ƙusa ki rataye madubi. Zo in nuna miki inda ba ya yoyo."

Ita ta koya min zaman wurin. Mutanen unguwar da ke kusa da mu suna kiranmu matan bariki, ba kuma da yabo ba, in muka je rijiyarsu sai kowa ta gama sannan mu zura guga. Yaya Talatu ta yi ta kai gaisuwa gidan mai unguwa, ta je suna, ta je ta'aziyya, har aka fara matsa mana wuri. A cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista, akwai waɗanda Hausar ma da ƙyar, amma duk wadda naƙuda ta kama, ita ake kira. In miji ya ɗaga hannu a kan matarsa, daga ɗakinta za ta yi gyaran murya sau ɗaya, sai ki ji shiru.

Wata uku ya zama shekara takwas. Na haifi Zulai a Sito, na yaye ta a Sito.

Shekarar da maganar shari'a ta cika gari, rediyo ba ta da zance sai na haƙƙi da adalci. Muna wanki muna saurare. Wata rana Yaya Talatu ta matse zane ta ce, "Allah ya sa adalcin nan ya san hanyar Sito." Muka yi dariya. Mun san ba mu cikin lissafin kowa. Gari na ganin mu na gwamnati ne, gwamnatin kuwa tana can nesa, ba ta ma tuna ta ajiye mu a nan ba.

Damunar shekarar ta zo da ƙarfi. Masai ya cika ya tumbatsa, ruwansa ya riƙa gangarowa tsakar gida, daidai inda muke kafa murhu. Tanka ta yi mako uku ba ta zo ba, muka koma tarar ruwan kwano da ɗiban na kududdufi. Yara suka fara amai da gudawa. Jaririn wani ƙaramin soja ya rasu a cikin kwana biyu. Sau uku Yaya Talatu tana zuwa wurin Samanja, babban mai kula da horo a sansanin, sau uku yana ce mata an kai magana sama.

Ana cikin haka aka ce uwargidan wani babban hafsa za ta zo duba iyalan sojoji. Nan da nan aka samo farar ƙasa aka shafe duwatsun bakin hanya. Aka kewaye masai da sabuwar zana, aka zuba yashi a kan ƙazantar tsakar gida. Aka ce mu yi anko, mu koyi waƙar maraba. Samanja ya tara mu ya ce duk wadda aka yi wa tambaya, amsa ɗaya ce, muna godiya. Da safiyar ranar maigidana yana ɗaura takalmi ya ce min, "Binta, sunana yana cikin waɗanda za a ƙara wa igiya. Ki kama bakinki." Shekara tara yana jiran igiyar nan ta ƙarin girma.

Muka zauna a kan bencina, mazanmu suna jere a bayanmu sun ƙame. Baƙuwa ta raba atamfa da sabulu. Aka kira magajiya ta yi godiya. Yaya Talatu ta miƙe ta yi godiyar kamar yadda aka tsara, sai dai ba ta zauna ba.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ke uwa ce. Ina roƙon ki taka ki ga abin da ke bayan zanar can. Mun binne yaro ɗaya, akwai biyar a kwance. Sabulu mun gode, amma ba mu da ruwan da za mu yi wanka da shi."

Matar ta bi ta, ban hana mata wannan ba. Ta leƙa, ta dawo da hankici a hanci, fuskarta ta canja. Ta tsaya a gabanmu ta ce, "Abin da ta faɗa haka yake? Da yawunku take magana?"

Mun fi mu ashirin a kan bencinan nan. Babu wadda ba ta ɗebi ruwan kududdufi da hannunta ba. Uwar jaririn da ya rasu tana kusa da ni. Zulai tana kan cinyata. Na ji tsayuwar maigidana a bayana kamar an ɗora min dutse, na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafata. Can wata daga baya ta ce, "Mu dai muna godiya." Sai baƙuwar ta gyaɗa kai, aka wuce da ita wurin cin abinci.

Yaya Talatu ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta gyara mayafinta ta je ƙarshen benci ta zauna.

Kafin mako ya zagayo an kulle Saje Audu a gadirum, wai ya kasa riƙe gidansa. Da ya fito aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can kudu. Aka tuɓe Yaya Talatu daga magajiya, aka ce ta zauna zuwa hutun makaranta sannan ta kwashe yara ta bar ɗakin. Babu wanda ya ce mu ƙaurace mata, mu muka yi wa kanmu. In ta shimfiɗa tabarma a inuwa, sai kowa ta tuna tana da aiki a ɗaki. Katako ɗaya ne tsakanin gadona da nata, ina jin numfashinta, amma na yi wata guda ban ce mata komai ba sai ina kwana. Maigidana ya samu igiyarsa. Masai kuwa yana nan yadda yake.

Wata Laraba bayan azahar Zulai ta fara amai da gudawa. Kafin la'asar idanunta sun faɗa, ta daina kuka. Ubanta yana bakin aiki. Ina zaune na rasa abin yi, sai na ga an ɗaga labule. Yaya Talatu ce da kofi a hannu, ta riga ta dama gishiri da sukari, domin ta ji komai ta cikin katako. Ta ɗura mata, ta saɓa ta a baya, ta ce in ɗauko zannuwa in biyo ta. Da ƙafa muka fita har titi, ta tare mota da hannu biyu.

Kwana uku muka yi a asibiti ana ƙara wa yarinyar ruwa. Ita ke wanke zannuwan da suka ɓaci, ta hana ni taɓawa, wai in zauna kusa da 'yata. A rana ta biyu na tattara ƙarfin halina na ce, "Yaya, ranar nan da baƙuwa ta zo..."

Ta ce, "Riƙe mata hannun, kar allurar ta fita."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan.

Washegarin dawowarmu ciwon ya kama Yaya Talatu. Na ruga wurin Samanja a ba mu motar sansani, ya ce sunan mijinta ya bar nan, sai an nemi izini. Ba mu jira ba, muka ɗora ta a amalanke muka tura zuwa titi, mu huɗu, dukanmu cikin waɗanda suka yi shiru. Ta kwana ɗaya a asibiti, ta cika da hantsi. Mutanen unguwar mai rijiya ne suka fito suka sallace ta tare da 'yan sojojin da ba sa kan aiki. Saje Audu bai iso ba sai bayan kwana biyar. Ya ɗaure kaya, ya kama hannun yaransa, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Na gode da ɗawainiya." Bai dubi fuskar kowa ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga Dutse ta yau. Tituna sun yi faɗi, ga fitilu, ga jami'a, ga gine-ginen da ba mu taɓa mafarki ba. Inda muke tsallaka gonaki mu je rijiya duk ya zama gidaje. Bara na je biki Takur, na ce wa mai adaidaita ya kai ni Sito. An sauya kwano, an yi fenti, an ƙara ɗakuna a gefe. A bakin famfon da ba ya zuba na ga jarkoki a jere, mata matasa suna zaune a kansu suna jiran tanka. Na tsaya hira da wata dattijuwa da ke sayar da ƙosai a ƙofar shiga, na tambaye ta ko ta taɓa jin labarin wata magajiya Talatu. Ta ce ta ji. Ta ce duk sabuwar magajiya sai an ja mata kunne da labarin wata da ta yi surutu a gaban baƙi ta jawo wa mijinta. Abin da ya rage na sunanta a wurin da ta yi wa hidima ke nan, abin tsorata mata.

Daga nan na wuce maƙabarta. Ta ninka girmanta na da, an kewaye ta da bulo. Mai gadi ya tambaye ni wane ɓangare, na ce ban sani ba. Mu mata ba mu raka ta ba, mazan da suka ɗauke ta kuwa an watsa su garuruwa, wasu sun yi ritaya, wasu sun mutu, har da maigidana. Haka mutuwar iyalin soja take. A binne ki a garin da ba naki ba, waɗanda suka san wurin kuma a yi musu canji.

Ina so in ce sadaukarwarta ta haifar da wani abu, amma na duba ban gani ba. Ba a haƙa rijiya saboda ita ba, ba a gyara masai ba sai da ya rufta da kansa. Zulai tana raye, tana da 'ya'ya uku, ba ta tuna fuskar matar da ta goya ta. Na san kuma da za a dawo da Yaya Talatu gaban wata baƙuwar, za ta sake miƙewa. Abin da ba ni da tabbas a kansa shi ne ko ni zan miƙe.

Watan jiya wata mata ta kira ni a waya, ta ce ita ce Hadiza, autar Yaya Talatu, wadda ke da shekara shida lokacin rasuwar. Ta sha wuya kafin ta samu lambata. Mahaifinsu ya rasu bai taɓa yi musu zancen Dutse ba. Tana so ta zo ta ga kabarin mahaifiyarta. Na gaya mata gaskiya, ban san inda yake ba. Ta ce to in ba ta labarinta. Na ba ta, tun daga ranar da na iso har zuwa ranar baƙuwa. Ina jin tana murmushi a cikin muryarta da na faɗi yadda uwarta ta tsaya ta yi magana.

Sai ta ce, "Allah sarki. To Mama, da ta tashi tsaye, ku kuna ina?"

Na ce, "Muna nan, 'yata. Muna zaune."

Ba ta sake kira ba. Allah ya jiƙan Yaya Talatu, ya haskaka kabarinta a duk inda yake. Mu kuma da muka zauna, Allah ya sa ta yafe mana, domin ni ban samu na roƙe ta ba.