Kwaɗon Kawu Altine

Duk wanda ya zauna Gawon Nama ya san Kawu Altine da igiyarsa mai ƙulle-ƙulle. Kullum da safe sai ya zura ta cikin rijiyar unguwa, ya jawo, ya duba inda ta jiƙe, ya ja tsaki. "Ruwa ya ƙara sauka!" Mu kuwa mu ce tsoho ya fara.

Ƙanen mahaifiyata ne, a aikin wutar lantarki ya tsufa. Da ya yi ritaya, shi ya haɗa wa rijiyar famfo mai aiki da hasken rana, don ya tsani janareta kamar me. Ranar da maƙwabcinmu Ladan ya tayar da nasa, Kawu ya jawo kujera ya zauna gaban hayaƙin.

"Mi kaka yi nan, Altine?"

"Ina kallon mai ƙara muna zafi. Wanda ad da akwai Sakkwato bai ishe ka ba?"

Wata rana famfo ya tsaya cak da rana tsaka. Ya leƙa rumfar da farantan sola suke, sai ga Inna Hajo ta shanya kauɗar tumatir a kansu, reras!

"Hajo! Wutata kika mai da tabarma?"

"Yo na ga wurin shina da zafi, kuma awaki ba su hawa."

Ya kwashe kauɗar kaf, ya ce ladar wuta ce. Mako guda yana miya da ita.

Amma abin da ya haɗa shi faɗa da kowa kwaɗo ne. Ƙarfe goma na safe sai ya kashe famfo, ya kulle, ya jefa makulli cikin hula. Na taɓa zuwa zan wanke babur, ya hana.

"Haba Kawu, ai rana kyauta ta!"

"Rana kyauta ta, ɗana. Ruwan ƙasa ko damina ka aje shi. Yaushe rabon da ka ga damina ta kirki?"

Na ce masa marowaci. A gaban mutane na faɗa, aka yi ta dariya.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar sadakar ukunsa muka fasa kwaɗon, wai don masu gaisuwa su samu ruwa. Ni na riƙe gudumar. Ba mu sake kullewa ba. Famfo ya dinga zuba daga hantsi har faɗuwar rana, masu wankin mota da masu buga bulo suna zuwa ɗiba har daga Unguwar Rogo. Kafin bazara ta ƙare ya fara jawo laka, sannan ya ƙone. Yanzu matanmu a wata unguwa suke bin layi da jarka, kuma waɗanda suka fi zaginsa su suka fi cewa "Allah sarki Altine." Har da ni, kuma abin yana cin raina.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Allah ya yafe mini kalmar nan, don shi kam ban samu na roƙe shi ba.