Kazar Iya a Ƙarƙashin Ƙwarya

Shirun ne ya fara tsorata ni. Kullum da la'asar in na watsa tsaba, Wake-wake ce kan fara rugowa, kazar da kakata Iya ta bar mini. Iya ta rasu bara ina makaranta, ban ga ko likkafaninta ba. Ran nan kaza ba ta zo ba. A bayan rumbu na same ta, muzuru ya yage mata fata daga wuya har ƙirji.

Baba ya duba, ya ce, "Uwata, miƙo wuƙa kafin ta zama mushe." Haka yake kirana, don sunan Iya na ci.

Duk karatun da na yi a sakandare ya gudu, sai murhun Iya ya faɗo mini. Muna yara a gidanmu na Wunti, bayan tuwo mukan kewaye ta tana gasa mana gyaɗa a toka. "Ga ta nan tafe, ku matso, mai gyangyaɗi ba shi da rabo!" Akwai tatsuniyar da nake yawan roƙo. Wai wata tsohuwa ce da kazarta ɗaya tak, muzuru ya yaga ta. Mutuwa ta taho ɗauka. Tsohuwa ta kifa wa kazar ƙwarya, ta hau kiɗa da ludayi. Mutuwa ta tsaya a zaure, ta ce, "Af, biki ake a nan, na ɓata gida." Ta wuce.

"Iya, Mutuwa wawuya ce?"

"Rufe baki, ja'ira! Kunya gare ta. Ba ta son shiga inda hannu ke aiki."

Na ɗauko wuƙar, na durƙusa. "Baba, don Allah ka ba ni zuwa magariba."

"In ta mutu a hannunki an yi biyu babu, ba kaza ba miya."

Na wanke raunin da ruwan gishiri mai ɗumi, na tsige gashin gefe, na tafasa allura da zare. Na haɗa fatar na ɗinke, ina kuka, na shafa man kaɗanya. Sai kazar ta saki wuya. Ni da nake yi wa camfi dariya a makaranta, na kifa mata ƙwarya, na yi ta bugu kamar mahaukaciya. Na san ajali ba ya ɓatan gida. Amma a lokacin na gane nufin Iya: kada ka naɗe hannu alhali da sauran numfashi. Ita Iya ban samu na yi mata komai ba.

Ana kiran salla na ji ƙarce-ƙarce a ƙarƙashin ƙwarya. Na ɗaga. Ta buɗe ido, ta tsoma baki a ruwa, ta ɗaga kai sama.

Baba ya daɗe yana kallonta, butar alwala a hannu.

"Uwata," ya ce, "mai da wuƙar nan ɗaki. Ta tsallake."