Neman Kukokin Malam Lawan, Daga Bebeji Zuwa Doguwa

Ina idar da sallar asuba na biya gidan Malam Lawan a Bebeji. Shi ya koyar da ni ilimin tsirrai a sakandare, yanzu kuwa ya haura shekara tamanin, yanar ido ta kusa rufe masa gani. Ya miƙo mini ƙunshin tsofaffin jaridu ɗaure da igiya. A ciki akwai ganyen kuka da ya tsinka shekara talatin baya, ya danne, ya rubuta a gefen kowace takarda inda bishiyar take da sunan mai gonar.

A bayan kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan tsiro yake shaƙar iskar kabon, wadda hayaƙin motoci da masana'antu yake ta ƙarawa a sama. Malam ya taɓa karanta cewa in iskar ta yawaita, tsiro yakan rage ƙofofinsa, tunda kaɗan ma sun ishe shi, ya kuma tanadi ruwa. Burinsa in tsinko sabon ganye daga bishiyoyin nan dai, in ƙirga ƙofofin tsoho da na sabo a madubin ƙara girman abu na makarantarmu, in faɗa masa tun yana da rai.

"Ka riƙe da kyau, Haruna," in ji shi. "Wannan ba shi da na biyu."

Kiru

Ƙarfe shida da minti ashirin na hau akori-kura, ni da buhunan masara. Bakwai da rabi na sauka. Na bi kwatancen da Malam ya rubuta har gonar, na tarar da kututture. Wani dattijo mai ciyawa ya ce an sare kukar tun lokacin fari.

A Kwanar Dangora na sayi tsaraba, burodi da goro da gishiri. Hadari ya haɗo, sai na cusa ƙunshin Malam cikin buhun tsarabar don kada ya jiƙe. A lokacin har yaba wa kaina dabara na yi.

Tudun Wada

Ƙarfe biyu fijo ta ajiye ni. Kukar nan ma babu, guguwa ta kayar da ita shekaru biyu da suka wuce. Na kwana a ɗakin wani abokin aikina, na ci ɗanwake ba don ina jin daɗinsa ba. Saura bishiya ɗaya.

Doguwa

Washegari ƙarfe takwas muka ɗauki hanya. A wani shinge kafin dajin Falgore ɗan sanda ya buɗe buhuna, ya ga ganye, ya ce, "Malam, kuka ma sai an naɗe ta a jarida?" Direba ya yi dariya, muka wuce.

Sha biyu saura na isa gidan Malam Buba, makiyayi ne kuma manomi, mahaifinsa ne ya sauki Malam Lawan a da. Bayan gaisuwa na tambayi kukar.

"Tana nan, ƙarƙashinta muke ɗaure maruƙa," in ji shi.

Murna ta sa ban tsaya ba. Ya karɓi buhun ya shige da shi cikin gida kamar yadda ake yi wa kayan baƙo, ni kuwa na yi gona. Har la'asar ina can ina zaɓar ganye daga rassan da rana take bugu, yadda Malam ya umarta.

Bayan magariba aka kawo tuwon masara da miyar kuka, an zuba man shanu. Na ci har da ƙari. Da na wanke hannu na roƙi a fito mini da ƙunshin. Malam Buba ya dawo da jaridun a ninke tsaf, babu komai a ciki.

"Uwargida tana godiya," in ji shi. "Ta ce kukar taku ta tsufa, amma ba a raina tsaraba. Ta haɗa da tata ta daka, don ka ci ka san an karɓa."

Na daɗe ina kallon jaridun. Mutanen nan karramawa suka yi mini, laifin nawa ne ni kaɗai. Na ce Allah ya saka da alheri.

Komawa

Kwana na uku, ƙarfe biyar na yamma, na durƙusa gaban Malam Lawan na faɗa masa komai. Na miƙa masa sabon ganyen, ya shafa shi da yatsa.

"Ka gaya musu?"

"A'a, Malam."

"Ka kyauta." Ya miƙo mini ganyen. "To, danne wannan, ka rubuta wuri da rana. Wani zai ƙirga, ba ni ba."

Kuka na yi sosai a wurin, shi ne ma yake ba ni haƙuri. Ya rasu kafin damina ta zagayo.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya, na kuma gode wa Malam Buba da iyalinsa, waɗanda har yau ba su san abin da muka ci ba. Ganyen Doguwa yana nan cikin akwatina. Ban ƙirga ƙofofinsa ba, don ba ni da abin da zan gwada shi da shi.