Shekarar da Kakana Ya Shuka Alkama Zalla

Duk sanda aka buɗe ruwan kanal, busasshiyar ƙasa ta sha ta tashi da ƙamshin nan, kakana nake tunawa. Kai, bari dai in ba ka labarin, don shi ya sa yau labarin duniya ba ya wuce ni a waya, ko da data ta kusa ƙarewa.

Tsoho ne mai rediyo. A bakin gonarsa ta Kadawa, gindin darbejiya, zai murɗa ya ji me Amurka ta ce, ya sake murɗawa ya ji martanin Rasha. Sauran manoma farashin kasuwar Kura suke tambaya kafin su yi shuka. Shi kuwa sai ya ji yadda manyan duniya suka kwana.

Shekarar da Rasha da Turawan Yamma suka sa zare, jiragen alkama suka tsaya cik a teku, ya ce bana ba tumatir ba albasa, alkama zalla, tunda za ta yi tsada. Kakata tana tankaɗe ta ce, "Malam, su Rashan nan sun san da zamanka kuwa? Bar mana ko ɗan komi biyu a gefen gona mu dasa albasa."

Ya yi dariya. "Ke dai tanadi buhuna."

Ashe takin zamani ma daga can yake fitowa. Alkama ta tsiro kore shar, ga ruwa har ya yi yawa, amma taki ya gagari talaka. Ya zuba toka, ya zuba kashin tumaki, ina! Muna kallo ganye ya koma ruwan ɗorawa. Su kuwa manyan suka zauna a ɗaki mai sanyi, suka sa hannu, jirage suka wuce abinsu, alkamar waje ta cika kasuwa. 'Yar tsamurarriyar alkamar da muka sheƙe, dillalai ko hannu ba su sa a ciki ba.

Da damina ta faɗi ya jinginar da gonar. Har ya koma ga Allah bai fanshe ta ba.

Yanzu na gane takunkumi, na gane yadda manyan duniya suke zagin juna da safe su yi ciniki da yamma. A teburin mai shayi ina bayani har abokaina su ce don Allah in bar su su sha. Gonar kuwa, wani ɗan kasuwa daga birni ke noman shinkafa a ciki. Ni da ƙanena muna cikin masu yi masa dashe.